Hunhunar Bayan Darduma

Shafi na 12

Sallama a gare ku, masu bin labarin nan. Na karanta saƙonninku, har da na waɗanda suka yi fushi da Tursunoy. Ku ɗan yi mata haƙuri. Mun tsaya inda nas ta gama sauraren ƙirjin jaririn Sanobar, ta ce a nuna mata banɗaki.

*

"Banɗaki kuma?" in ji Tursunoy, surukar Sanobar, tana tsaye da tiren shayi. "Ga yaro nan cikin beshik, gadonsa na jijjigawa, Mukaddas. Ko yanzu a banɗaki kuke duba marasa lafiya?"

"Wani lokacin can ciwon yake zama, opa," in ji nas, tana kiranta yaya da harshensu.

Nas Mukaddas ta rataya abin sauraren ƙirji a wuya ta wuce. Sanobar ta bi ta a hankali tana dafa bango. Ba ta yi wata guda da haihuwa ba, kuma tun da jaririnta Ozod ya fara wannan tari ba ta san barcin kirki ba.

Banɗakin irin na kowa ne a benayen unguwar Chilonzor, ƙarami, ba taga. An ja igiyoyi daga bango zuwa bango, sun cika da zannuwan jariri masu ɗigar ruwa. Bututun ruwan zafi ma ya sha tsummoki. Madubi ya yi gumi har mutum ba ya ganin fuskarsa.

Mukaddas ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska.

"Kun daɗe kuna jin wannan wari?"

"Wane wari?" in ji Tursunoy daga bakin ƙofa.

"Kamar na dankalin da ya daɗe a buhu."

"Ni ina ji," Sanobar ta ce ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka hancin mai jego ne."

"A nan kuke shanya kullum?"

"To a ina za mu yi?" Tursunoy ta ajiye tiren a kan kujera. "A baranda? Muna cikin chilla, yaro bai cika arba'in ba, kayansa su kwana a waje? Ke ma uwarki ba ta yi miki haka ba."

Mukaddas ba ta yi gardama ba. Ta durƙusa, ta yafito Sanobar.

"Zo ki gani, ƙanwata. Wannan farin da ke wuyan famfo gishirin ruwa ne, in kin kankare gari yake zama, ba ya cutar da kowa. Amma dubi wannan."

Ta nuna bakin bahon wanka, inda ya haɗu da bango. Ɗige-ɗige ne baƙaƙe, sun bi layin tayil kamar tururuwa, sun gangara ƙarƙashin wurin wanke hannu. Ta ciro auduga ta shafa. Audugar ta yi baƙi da kore, wurin ya damale.

"Hunhuna ce. Irin wadda ke fitowa a burodi, sai dai wannan bango take ci."

Idonta ya kai kan kwalabe biyu a lungu, ɗaya ta bilic, ɗaya ta ruwan khal, duk sun kusa ƙarewa.

"Wa ke gogewa?"

Tursunoy ta tura hannuwanta cikin aljihun rigarta, amma Sanobar ta riga ta gani. Yatsun sun yi ja, sun tsattsage. Ta sha ganinsu a wurin cin abinci, surukar tana cewa sanyi ne.

"Kuna haɗa su, opa?"

"Wani sa'in. Don su yi ƙarfi."

"Don Allah kada ku ƙara. In suka haɗu hayaƙin guba suke fitarwa, ga ɗaki ba taga."

Ta miƙe, ta yago fallen tsohuwar jarida daga saman kwandon wanki, ta yi ɗage ta ɗora shi a kan kafar iskar da ke can kusa da rufi. Ta sake shi.

Fallen ya sulalo ƙasa, ya faɗa cikin baho.

Ta sake gwadawa. Ya sake faɗowa.

"In kafa tana da rai, zuƙe takarda take yi ta riƙe ta," in ji Mukaddas. "Wannan a mace take. Duk tururin da kuke yi a nan, nan yake kwana."

"Tantabaru ne," Tursunoy ta yi saurin cewa. "Sun cika rufin benen nan, sheƙa suke yi ko'ina."

"Ya yiwu. A sa a duba." Mukaddas ta wanke hannu tana magana a natse. "Ko za ku goge bango sau ɗari hunhunar za ta dawo, muddin iska ba ta fita. A fara buɗe kafar. A daina shanya a nan. Abin da ya ruɓe a ɓamɓare a zubar, sannan a goge da safar hannu, ƙofa a buɗe. Kada a shafa fenti a kanta, tana nan a ƙarƙashi tana ci."

"Opa," Sanobar ta riƙo hannunta, "ita ce ta sa masa tarin?"

"Ban ce ba. Wannan maganar likita ce. Amma ƙirjinsa yana wani kuka da ba na so, kuma huhun jariri ba ya son irin wannan iska. Ku kai shi asibiti a duba. In da hali kuma, ya kwana a gidan da ba laima."

Ta ɗora tafin hannunta a bangon da ke bayan baho, ta bar shi a nan.

"Me ke bayan nan?"

"Ɗakin da muke kwana ni da jaririn," in ji Sanobar.

"Shayi ya huce," in ji Tursunoy. "Zo ki sha, Mukaddas, na san kina da gidaje da yawa a gabanki."

Nas ta dube ta, ta dubi Sanobar, ta ɗauki jakarta. Ba ta sha shayin ba.

*

Ana rufe ƙofa Sanobar ta shiga ɗaki.

Ozod yana cikin beshik ɗinsa, an ɗaure shi tsaf, numfashinsa yana fita da ɗan fito kamar na buta. Gadon yana jingine da bango, bangon kuma yana lulluɓe da jar darduma tun daga rufi har ƙasa. Sati ɗaya kafin haihuwa Tursunoy ta sa aka kafa ta. Ta ce don ɗumi.

Sanobar ta janye beshik zuwa tsakiyar ɗaki. Ta kama gefen dardumar.

"Kelin," in ji Tursunoy daga bayanta, yadda ake kiran matar ɗa. "Mai jego ba ta ɗaga nauyi."

"Ba nauyi ba ne, oyijon." Haka take kiran surukarta, wato mama.

"Na ce ki bari."

Tun da aka kawo Sanobar gidan nan ba ta taɓa tsallake maganar surukarta ba. Ita ke share bene da asuba, ita ke zuba shayi da hannun dama, hagu a kan ƙirji. Yau dai ta ja.

Ƙusoshi biyu suka fice. Darduma ta karkace ta zubo, warin ya bugo kamar an buɗe tsohuwar rijiya.

Takardar bango ta kumbura, ta ɓare a wurare. Inda ta ɓare an shafa farar ƙasa, an sake shafawa, amma baƙin ya huda ya fito, faffaɗa, tun daga ƙasa har tsayin ƙirjin mutum. Bayan dardumar kanta ya yi gashi-gashi toka-toka. Daidai inda kan yaron yake kwana, nan ya fi duhu.

Sanobar ba ta yi ihu ba. Ta kwance Ozod, ta rungume shi, ta fita da shi falo. Sannan ta ɗauki waya ta kira mijinta Davron, wanda take haɗa sunansa da "aka", wato yaya, don girmamawa.

"Davron aka, ka zo gida. A'a, yana numfashi. Ka dai zo."

Ta ajiye wayar ta juyo.

"Kun sani, oyijon."

"Kowane gida a benen nan yana da laima. Tun kafin a haife ki aka gina shi."

"Kun sani, kuka rufe, kuka ce in jingina shi a nan."

"Kullum ina gogewa. Kafin ki tashi na goge. Dubi hannuwana, ko kin ɗauka lalle na sa?"

"Banɗaki kuke gogewa. Wannan fa?"

Tursunoy ta zauna a bakin kujera, ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba.

"Danginki za su zo bikin beshik," ta ce. "Ki so su ga bango haka? Su koma Parkent su ce an kai 'yarsu kogo?"

Sanobar tana jijjiga yaron, idonta a kan ƙofar banɗaki da ke buɗe. A kusurwar dama akwai wani ƙaton ginshiƙi mai kusurwa huɗu, daga ƙasa har rufi, a jikinsa kafar iskar take. Kullum tana buga gwiwar hannu da shi in tana wanki. Ta daɗe tana kallonsa.

"Oyijon. A sama, gidan Mirkomil aka, ina ginshiƙin nan yake?"

Mirkomil shi ne yayan mijinta, yana zaune a hawan da ke bisa kansu da matarsa Dilrabo.

"Ni na san gine-gine ne?"

"Babu shi. Na shiga banɗakinsu ranar da Dilrabo take nuna mana injin wankinta. A wannan kusurwar yake zaune, ya shige cif. Har tana mini dariya, wai namu banɗakin ko kaza ba za ta iya juyawa a ciki ba."

"Dilrabo bakinta ya fi kanta girma."

"Ta cikin ginshiƙin iska take bi ta fita rufi, ko ba haka ba? In an fasa na sama, tamu iskar ina za ta bi?"

Tursunoy ta dubi taga. Dusar ƙanƙara tana sauka sannu-sannu, an manne gefunan gilashin da takarda tun farkon sanyi.

"Ba tantabaru ba ne," in ji Sanobar.

*

Davron ya shigo da ƙanƙara a hularsa, bai ko cire takalmi daidai ba. Ya leƙa fuskar ɗansa, sannan ya bi inda matarsa ta nuna da haɓa. Ya daɗe a ɗakin. Da ya fito fuskarsa ta yi fari.

"Tun yaushe?"

"Tambayi oyijon."

"Kada ka tambaye ni kamar ɗan sanda," in ji uwarsa. "Zauna ka ci abinci, akwai sauran miya."

"Ka hau sama," Sanobar ta ce masa. "Ka gaya wa Mirkomil aka ya fitar da injinsa ya mayar da abin da ya fasa. Ka gaya masa ɗanka ba ya iya numfashi."

Davron ya tsaya yana murza hula.

"Yana wurin aiki yanzu."

"Ka kira shi."

"Ba maganar waya ba ce."

"To ni zan hau in gaya wa Dilrabo."

"Za ki hau ina?" Tursunoy ta miƙe. "Ki je ki raba mini 'ya'ya? A kwano ɗaya na raine su. In maganar nan ta fita, ba a gidan nan za ta tsaya ba. Tsohuwa Zoya da ke ƙasanmu sau biyu ana kwantar da ita a asibiti bana, rufin banɗakinta ya yi baƙi ƙirin. Ɗanta yana neman wanda zai kama. Ki ba shi sunanmu a faranti?"

"Ashe har ita kun sani."

"Ina kai mata miya duk Alhamis."

"Miya," in ji Sanobar.

Ozod ya yi tari, ƙaramin jikinsa ya girgiza gaba ɗaya. Sanobar ta shafa masa baya har ya lafa.

"Davron aka, ka ji. Yayanka ne ya yi, ba kai ba. Me kake tsoro?"

Ya sunkuyar da kai.

Tursunoy ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Gaya mata mana. Ko ni zan faɗa? Mirkomil da ko ƙusa bai iya kafawa ba, shi zai fasa kankare? Tambayi mijinki wa ya riƙe guduma, kelin."

Sanobar ta juya a hankali.

"Kafin bikinsu ne," in ji Davron, muryarsa can ƙasa. "Dangin Dilrabo sun kawo injin cikin kayan ɗaki, ya ƙi shiga ko'ina. A ce injin amarya yana tsaye a falo, mutane suna shigowa suna gani? Aka ce a ɗan rage ginshiƙin. Na ga rami a ciki, na ɗauka tsohon wurin hayaƙi ne da ba a amfani da shi. Na toshe da bulo, na shafe."

"Daga baya fa?"

"Daga baya na gane."

"Yaushe?"

"Da bangon ya fara."

"Kafin in haihu."

Ya kawar da kai.

"Wa ya kafa dardumar, Davron?"

Yau ne karo na farko da ta kira sunansa haka, ba ta haɗa da aka ba. Ya ji, uwarsa ma ta ji.

"Na ce da bazara zan gyara," ya ce. "Wallahi na yi niyya. In sanyi ya wuce, a buɗe tagogi, in hau in fasa in mayar. Na ɗauka zai jira."

"Kai ka buga ƙusoshin. Ina zaune a nan da ciki, ina miƙo maka su ɗaya-ɗaya."

Ta ba shi baya, ta shiga ɗaki da yaron a kafaɗa. Suna jin tana buɗe akwati. Ta fito da jaka a hannu, ta shimfiɗa bargo mai kauri a kan kujera, ta fara naɗe Ozod.

"Me kike yi?" in ji Tursunoy.

"Asibiti za mu. Daga can Parkent. Gidan babana na ƙasa ne, amma a bushe yake."

"A cikin chilla?"

"A cikin chilla, oyijon."

"Ba za ki fita da shi ba." Tsohuwar ta zagaya ta tsaya tsakaninta da ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. "Mu mayar da shi falo. In goge bangon yau da hannuna. In hau da kaina in durƙusa wa Mirkomil. A kira likita ya zo gida. Sauran kwana nawa ne? Ki bari ya cika arba'in, ni zan raka ki har ƙofar ubanki."

"Falon ma iskar ɗaya ce."

"Kelin, saurare ni. Kafin Mirkomil na haifi mace. Ba a gaya miki ba, don ba a faɗa. Ina da ƙuruciya kamar ke, ina ganin tsofaffi surutu kawai suke yi. Aka yi bikin ƙanwata, na naɗe ta na tafi da ita, ba ta cika arba'in ba. Surukata ta tsaya a ƙofa kamar yadda na tsaya miki." "Lafiya lau muka tafi. Ba mu dawo tare ba."

Davron ya ɗago ya dubi uwarsa. Shi ma bai taɓa ji ba.

Idon Sanobar ya cika da hawaye, amma hannunta bai daina ɗaure bargon ba.

"Allah ya ji ƙanta, oyijon. Na yarda kuna sonsa. Amma ku saurari ƙirjinsa."

Ba sai an kasa kunne ba. Fiton yana fita ta cikin bargo, siriri, yana tsayawa yana dawowa.

"Davron," in ji uwarsa, "hana matarka."

"Davron," in ji matarsa, "ɗauki jakar."

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya sunkuya kamar wanda bayansa ke ciwo, ya ɗauki jakar.

"Oyijon, ku matsa."

"Ni kake cewa in matsa?"

"Don Allah."

Ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta ja jiki ta jingina da bango, hannuwanta masu tsaguwa a kan baki, leɓɓanta suna motsi da addu'a.

Davron ya buɗe ƙofa. Sanyin matakala ya shigo, da ƙamshin soyayyar albasa daga gidan wani. Sanobar ta gyara rungumar yaron, ta rufe masa fuska da gefen bargo, ta yi bismillah, ta tsallake bakin ƙofa da ƙafar dama.

Ta sauka mataki ɗaya, ta sauka na biyu.

Sai ta tsaya.

"Mu je mana," in ji Davron a bayanta. "Mota tana ƙofa."

"Yi shiru."

"Mene ne?"

"Na ce ka yi shiru."

Matakalar ta yi tsit. Can sama, ta cikin bango, injin wankin Dilrabo yana juyawa.

Sanobar ta sunkuya ta kara kunnenta a kan bargon.

Fiton ya daina.

*

Mu haɗu a shafi na 13.